Ranar da Na Yi Dambe da Turken Gola a Anacha

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa da wasan ƙwallon da muka buga a Anacha ba, a daminar shekarar da sojoji suka fara karɓe mulki, domin tabon yana nan a goshina, duk wanzamin da ya aske ni sai ya tambaya. Jikokina sun ɗauka a rikicin wancan lokaci na samo shi, har suna nuna wa abokansu da alfahari. Ni dai ban taɓa ce musu haka ne ba. (Ban kuma taɓa ce musu ba haka ba ne.)

A Anacha aka haife ni. Mahaifina daga wajen Kano ya zo da fataucin albasa, ya zauna a kasuwar Ose, ya rasu ina ƙarami, sai ƙanensa Alhaji Mamman, wanda nake ce wa Kawu, ya riƙe ni. Da 'ya'yan maƙwabtanmu Ibo na tashi, da su na yi wanka a bakin kogi, don haka yaren Ibo a bakina kamar ruwa. Hausar ce ta ɗan karkace. Ba wai ba na ji ba, ina ji sarai, ina kuma yi da gudu, sai dai harshena ya ƙi haruffan nan masu lanƙwasa. In zan ce ƙafa sai in ce kafa, in zan ce ɗaki sai in ce daki. 'Yan dako da ke zuwa daga ƙauyukan arewa su ne masu sa ni gaba. Da na buɗe baki sai wani ya ce, “Ɗan Anacha, me ka ce? A fassara mana.” Ina dariya tare da su, amma a raina babu abin da ke ƙona ni kamar wannan. Ga shi ko gadar Kwara ban taɓa wucewa da nisa ba, balle in ga Kanon da ake mini gori da ita.

Wataƙila shi ya sa na zama mai baki. Rediyo suke ce mini. A ƙungiyar ƙwallon samarin unguwarmu ni ne gola, ba don na fi kowa iya kamu ba, sai don gudu ba ya cikin abin da Allah Ya hore mini. Aikina na gaskiya shi ne surutu. Duk ɗan wasan da ya kusanto gidana sai na tanka masa: kansa, tafiyarsa, wandonsa, budurwar da ta ƙi shi. Ina da hujjata kuma, wadda nake zayyana wa duk mai saurare a teburin mai shayi. Nakan ce dokar ƙwallo ta hana naushi, ta hana shuri, amma babu inda ta hana magana. Mai hankali da baki yake faɗa, wawa ne ke kai hannu. Akwai wani ɗan wasan mahautan Inugu da suka taɓa zuwa mana, na bi shi da zance har ya kwaɗa mini mari, rafali ya kore shi, muka ci wasan. Kuncina ya kwana a kumbure, amma yawo na riƙa yi da shi a kasuwa kamar wanda aka ba lambar yabo.

To a wannan shekara gari ba daɗi. Labarai marasa kyau suna zuwa daga arewa, motoci suna sauke Ibo da ƙullin kayansu a tasha, wasu da bandeji, wasu ko takalmi babu. Matan da suka saba zuwa sayen albasa suna tsokanarmu, suka koma su saya su wuce ba ko murmushi. Mu ma muka rage hira a waje. Ana cikin haka lokacin wasanmu na shekara-shekara da yaran tashar mota ya zo, makanikai ne da kwandastoci, kusan dukkansu Ibo. Wasu suka ce a fasa. Kawu Alhaji Mamman, wanda shi ne babba a cikin 'yan albasa, ya je ya zauna da shugaban tashar, suka ga cewa in aka fasa, kowa zai ce gaba ta shiga tsakani. Gara a buga, jama'a su gani da idonsu cewa a nan lafiya ake zaune.

Ranar wasan, bayan azahar, Kawu ya tara mu a ƙofar shagonsa.

“Ku saurare ni da kyau,” ya ce. “Yau ba cin wasa na aike ku ba. Ko ƙwallo goma za su zura muku, ku ce an gode. Amma duk wanda ya ɗaga hannu ya taɓa ɗan mutane, wallahi ba shi kaɗai zai biya ba, mata da yaran unguwar nan ne za su biya. Kun ji ni?”

Muka ce mun ji.

Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana. “Kai kuma, ka ji?”

“Na ji, Kawu.”

Na ji kuwa. Hannu ya ce. Na saurara da kyau, ban ji ya ambaci baki ba.

Filin wata makarantar mishan ne, an yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi. Golar ba raga, turaku biyu ne na gora, an gitta wata doguwar gora a sama an ɗaure da igiya. Rafali malamin makarantar ne, siriri mai gilashi. Jama'a sun cika fiye da kullum, amma ba a cakuɗe ba kamar yadda aka saba. Mutanenmu gefe guda, mutanen tasha da matan kasuwar kifi gefe guda. A bayan golata kuwa 'yan dakon nan ne suka yi sahu, masu ce mini Ɗan Anacha.

Da aka fito sai na ga baƙuwar fuska a cikinsu. Wani ƙato ne, baƙi, wuyansa kamar turmi, shi ke buga musu gaba. Na ji suna kiransa Sande. Na dube shi na ce a raina, yau ga abincina. Irin waɗannan manyan ba su da wuyar tunzurawa.

Karo na farko da ya shigo gidana, na tare shi da yaren Ibo, tatacce, irin na bakin kasuwa. Na ce masa wa ya bar ƙofar garejin a buɗe har tirela ta shigo fili? Ko kallona bai yi ba. Ya sake dawowa, na tambaye shi ko da kafinta aka auna masa wando. Shiru. Na yi masa wadda ba ta taɓa faɗuwa ƙasa banza ba, wadda ta shafi girman kai da ƙanƙantar abin da ke ciki. Mutumin nan ya dube ni kamar yadda saniya ke duban mai wucewa, ya koma tsakiyar fili.

Na ce to, ko ba ɗan nan ba ne. Na juya zuwa Turancin buroka. Na yi masa har aka tafi hutun rabin lokaci, ban samu ko harara ba. Abin ya fara damuna. Kyaftin ɗinmu, Sale Dogo, ya zo yana haki ya ce, “Rediyo, don girman Allah ka kashe tashar nan yau. Ba ka ji abin da Alhaji ya ce ba?”

Na ce, “Ka ga na taɓa wani?”

Da aka dawo sai na sauya dabara. Tunda ƙaton ba ya jin komai, bari in yi da Hausa, ko ba komai 'yan dakon bayana su san cewa Ɗan Anacha ma ya iya. Na ware murya.

“Kai kato! Kafa kamar tabarya! Wa ya kwance ka daga turke?”

'Yan dako suka fashe da dariya. (A lokacin na ɗauka da shi suke.) Daɗi ya kama ni, na ƙara wuta. Na ce da ganin wannan buhun gari guda yake lashewa da safe. Na ce in ya faɗi sai an kira motar janwe. Na yi masa kirari, na yi masa waƙa, har da 'yar rawa a kan layi.

Ana saura kaɗan a tashi, ba wanda ya ci wani, suka samu bugun kwana. Ƙaton ya tako a hankali ya tsaya dab da ni, kusa da turken dama, har ina jin warin man inji a rigarsa. Na ɗaga kai na dube shi na ce, “Kato, yau ka kare!”

Sai ya sunkuyo, cikin natsuwa, da wata irin Hausa mai daɗi wadda ko limaminmu bai kai ba, ya ce:

“Ƙato ake cewa, ɗan'uwa. Ƙa. Daga maƙogwaro take fitowa. Kuma kare daban, ƙare daban. Maimaita in ji.”

Jama'a, har yau ban san abin da ya shiga kaina ba. Kamar ɗalibi a gaban malam, na buɗe baki na ce, “Kato.”

“A'a. Ƙa. Matse nan.” Ya nuna maƙogwaronsa.

“Ka.”

“Ka kusa. Sake.”

Ina cikin matse maƙogwaro aka bugo kwanar. Ban ma ga tasowar ƙwallon ba. Ƙaton ya ɗan ɗaga, ya sa mata kai, ta wuce ta saman kafaɗata ta faɗa cikin 'yan dako. Gefen tasha ya kaure da ihu. Amma ba ihunsu ne ya kashe ni ba, dariyar bayana ce. 'Yan dakonmu, mutanenmu, an ci mu amma suna birgima a ƙasa. Wani yana riƙe da ciki yana cewa, “Wayyo Allah, Ibo na koya wa Ɗan Anacha Hausa!”

Ƙaton kuma ya juyo ya ce, “A Fagge aka haife ni. Ɗanladi suke ce mini a can. Abin da ka yi ta faɗa da farko da yaren Ibo, ka yi haƙuri, rabi kawai na gane, ban daɗe da zuwa ba. Amma Hausarka na ji duka. Da ɗan gyara za ta yi.”

Da ɗan gyara za ta yi! Ni, mai cewa wawa ne ke kai hannu, ni da na yi shekaru ina wa'azin haka a teburin mai shayi, sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki ya rufe mini ido. Na manta da Kawu, na manta da mata da yaran unguwa. Na dunƙule hannu, na ja baya, na runtse ido (wannan shi ne naushin farko da na taɓa kaiwa a rayuwata, ba wanda ya gaya mini ana buɗe ido), na saki da iyakar ƙarfina.

Shi bawan Allah bai ma san ana yi ba. Daidai lokacin ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalminsa. Hannuna ya wuce ta saman bayansa ya sami turken gora, ƙwas! Turken da ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kwanta, igiya ta kwance, doguwar gorar sama ta sauko ta same ni a tsakiyar goshi. Na zauna daɓas a cikin taɓo, jini ya wanke mini fuska.

Daga nan wasa ya ƙare. Na kusa sun ga abin da ya faru, amma na nesa ƙato kawai suka gani tsaye, ga golan Hausawa a ƙasa cikin jini. Wani daga gefenmu ya ƙwala ihu, “Sun fasa masa kai!” Mutanenmu suka yo cikin fili. Na tasha ma suka taso, na ga wani ya zaro sifana daga aljihu. Mata suka fara jan yaransu. Rafali yana ta busa usur, ba mai jinsa.

Na share jini na dubi Ɗanladi. Ya ɗaga hannuwansa biyu sama, fuskarsa ta sauya gaba ɗaya. Ya ce da ni a hankali, “Don Allah tashi ka gaya musu. Na ga irin wannan a can. Na san inda yake ƙarewa.”

Sai ga Kawu ya keto taron da gudu, ya tattare babbar riga a hannu, hula ta karkace. Ban taɓa ganinsa yana gudu ba sai ran nan. Ya damƙi kunnena ya miƙar da ni tsaye.

“Wa ya buge ka?”

“Ba kowa, Kawu.”

“Ɗaga murya! Ba kai ne Rediyo ba? Wa ya buge ka?”

Na cika ƙirji da iska na ce, “Jama'a, ba wanda ya taɓa ni! Ni na bugi kaina!”

Mutanenmu suka tsaya cak. Kawu ya juya ni ta kunne zuwa gefen tasha. “Faɗa musu da yarensu.” Na faɗa da yaren Ibo, dalla-dalla. “Faɗa da buroka, saboda mutanen Kalaba.” Na faɗa da buroka. Kowa da abin da ke hannunsa, ana kallon juna. Sai wata mai kifi, ƙatuwar mace mai ɗaurin ƙirji, ta ɗaga murya daga can ta ce ita ba ta yarda ba, ta yaya mutum zai fasa wa kansa goshi? Ko tsoro ne ya sa yake rufa wa wani asiri? Aka fara guna-guni ta kowane gefe.

Kawu ya ce, “Gaskiyarta. A tayar da turken. Nuna musu yadda ka yi.”

“Kawu...”

“Nuna musu!”

Aka kafa turke. Sale Dogo da wani kwandasta suka ɗaga gorar sama suka riƙe. Aka tsayar da Ɗanladi a inda yake. Rafali ya ce tun daga farko za a fara, don a gane musabbabi. Haka na tsaya gaban Anacha kaf, jini na ɗiga, na ce “kato”, Ɗanladi ya ce “ƙa”, na ce “ka”, wani yana fassara wa mutanen tasha. Sannan na ja hannu a hankali, na runtse ido, shi kuma ya sunkuya kan takalminsa, na tafi luu na dungure turke. Sale da kwandastan dariya ta ci ƙarfinsu, suka saki gorar, ta sake sauko mini a ka.

Ban taɓa jin dariya irin ta ran nan ba. Mai sifana ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Mai kifin nan ta kwance ɗankwalinta ta zo da kanta ta ɗaure mini goshi, tana dariya tana ce mini sannu ɗana. Wani tsohon direba ya dafa kafaɗar Kawu, su biyun suna ta ƙyaƙyatawa. Rafali ya gyara gilashi ya ce shi dai a dokar da ya sani, wanda ya kai duka ake kora, wanda aka daka kuma a ba shi bugun tazara, to yau mutum ɗaya ne, bai san yadda zai yi ba. A ƙarshe ya nuna mini waje da yatsa (lokacin ba a fara katin nan ba) bisa laifin lalata kayan makaranta. Washegari ni na ɗauko sabuwar gora a kafaɗa tun daga bakin kogi, yara na bina suna “ƙa, ƙa, ƙa” kamar agwagi.

Da yamma dattawa suka zauna a ƙofar masallaci suna gardama a kaina, ina rakuɓe a gefe da kai a naɗe. Wani ya ce baki ne babban laifi, shi ke kunna wuta. Wani ya ce a'a, magana iska ce, hannu ne ke jawo jini. Kawu ya ce, “Ku daina wahalar da kanku. Yaron nan shi ya yi zagin, shi ya ji haushi, shi ya kai duka, shi aka fasa wa kai. Bai bar wa kowa aiki ba.”

Bayan kwana biyu sai ga sallama a ƙofar gidanmu. Ɗanladi ne, ya zo duba ni. Ya durƙusa ya gaida Kawu, gaisuwa irin ta Kanawa wadda ba ta ƙarewa, sannan cikin jin kunya ya tambaya ko ana tuwo da miyar kuka a gidan, don tun da ya baro Kano bai sa a bakinsa ba. Aka zubo masa. Ya cinye, aka ƙaro. Ni ina gefe da hannu a kumbure, da cokali nake ci kamar Bature. Daga ranar ya zama ɗan gida. Ni ke raka shi kasuwa in yi masa ciniki da yaren iyayensa, don in ya buɗe baki sai a ninka masa kuɗi a ce baƙo ne.

Zaman bai yi tsawo ba. Kafin ƙarshen shekara abubuwa suka lalace gaba ɗaya, aka ce duk ɗan arewa ya tafi. Ɗanladi ne ya samo mana mota a tasha, shi ya ɗora kayan Kawu ya ɗaure da hannunsa, ya tsaya a jikin motar har muka shiga. Da direba ya tayar, Ɗanladi ya leƙo ta taga ya kwatanta mini wani lungu a Fagge, ya ce akwai wata tsohuwa mai waina, in na isa in ce ɗanta Ɗanladi yana gaishe ta. Na je, na same ta, na isar. Ta yi kuka, ta cika mini kwano, sannan ta dube ni ta ce, “Kai kuma ɗan nan, Ibo ne kai? Ka iya Hausa ba laifi.” Ɗanladi kuwa ban sake jin labarinsa ba. Yaƙi ya zo ya wuce, na yi cigiya wajen direbobin Anacha har na gaji.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. Kafin ka zagi mutum, fara yi masa sallama ka ji da wane harshe zai amsa. In kuma shaiɗan ya ci ƙarfinka har ka dunƙule hannu, to don Allah ka buɗe ido, ka kuma duba abin da ke saman kanka.